Yalon Baba Mala

Buhu goma sha biyu na ƙirga a bayan ɗakin, an jera su tsaf, kowanne cike da ƙasa, kuma babu ko ɗaya da aka huda wa gindi. Masu buhunan wasu ango da amarya ne da suka tare a layinmu na Akurba bara, Nasiru da matarsa Jamila. Shi yana aikin ofis, ita tana ɗinki. Tsadar kayan miya ta ishe su, sai suka kalli wani bidiyo a waya, suka ga wata mata ta zuba iri a buhu, kafin ƙiftawar ido tumatir ya yi ja. Su kuwa nasu ya fito, ya yi kwana tara, ya kwanta.

"Baba Audu, minti goma kawai za ka ba mu," in ji Nasiru. "Ka nuna mana sirrin, shi ke nan."

Na tura yatsa cikin buhu ɗaya, na ji ƙasar ta jiƙe sharkaf, ga warin ɗanyen kashin kaji yana tashi. Na ce masa, "Ɗana, ai wannan ba lambu ka yi ba, miya ka ɗora." Jamila ta yi ta dariya, shi kuwa ya tsaya yana sosa ƙeya.

Ba na jin haushinku, ku yaran yanzu. Bidiyon ba ƙarya yake yi ba, wahalar kawai aka yanke aka bar muku daɗin. Na huda musu buhunan, na sa suka zazzage ƙasar ta sha iska, sannan na ɗauko musu irin yalo a ƙunshin takarda. Da Nasiru ya sa hannu a aljihu na ce ya fitar da hannunsa, ni ba na sayar da iri. Jamila ta tambaye ni dalili. Dalilin ba ya shiga minti goma, shi ya sa na ce su kawo tabarma, kuma abin da na faɗa musu shi ne nake rubutawa a nan.

Ni ma da girmana na fara. Ina da shekara talatin da takwas, da mata da 'ya'ya uku, ban taɓa renon ko tushen alayyafo ɗaya ba. Dako nake yi a tashar jirgin ƙasa, muna loda doya da lemo, shi ya sa har yau tsofaffin gari ke ce mini Audu Tasha. Da jirgi ya fara wuyar gani, sai zama ya yi yawa, na ce bari in yi lambu a bayan gida ko miya ta samu. Na zaɓi ƙarƙashin mangwaro don ni nake jin daɗin inuwar, ban san shuka ba ta ra'ayina ba. Na watsa iri kamar mai ba kaji dawa. Na riƙa kwara masa ruwa da bokiti da tsakar rana. Ɗan abin da ya yi ƙarfin halin fitowa, akuyar maƙwabta ta zo ta yi masa ta'aziyya. Matata Haule ce ta gaji da kallona ta ce, "Malam, ka je wurin Baba Mala ka daina wahalar da ƙasar Allah."

Baba Mala Babarbare ne, daga tsofaffin gidajen cikin garin Lafiya. Dogo ne, siriri, ba ya ɗaga murya. 'Yan'uwansa duk 'yan kasuwa ne da ma'aikata, shi kaɗai ya zaɓi laka. Lambunsa yana bakin rafi, can bayan Akurba, tun lokacin da in ka tsaya a wurin ba ka hango rufin kwano ko ɗaya. Na je da sabuwar fartanyata a kafaɗa. Ya karɓe ta, ya duba ƙotar, ya rataye ta a bukka, ya miƙo mini wani tsohon gwangwani da aka huhhuda wa gindi da ƙusa. Wata guda cur ban sake taɓa fartanyar nan ba.

Aikina na farko shi ne shayar da wurin reno, inda ake yayyafa iri ya tsiro kafin a dasa shi. Fangali ne ƙarami, tsawon tabarma biyu, an yi masa rumfar ciyawa. Za ka cika gwangwanin, ka sa tafin hannunka a ƙarƙashinsa, ruwan ya fara sauka a hannunka sannan ya gangara ƙasa. In ka ji ya dake ka, to ya daki irin ma, zai tono shi ya kai shi gefe. Ranar farko na gama cikin gaggawa na miƙe ina jiran yabo. Baba Mala ya durƙusa, ya tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, ya zaro, ya nuna mini. Saman yatsan a jiƙe, ƙasansa a bushe.

"Audu, fuska ka wanke mata," ya ce. "Ita kuwa ƙishirwa take ji."

Tun daga ranar ban ƙara shayar da shuka ba sai na tambayi ƙasa da yatsa. Ko yanzu da ake da inji da tiyo, yatsan nan bai yi ritaya ba.

Taki kuwa daga rugar Ardo Buba muke samowa. Duk ranar Laraba sai in tura baro cike da alayyafo da yakuwa da kuɓewa, in dawo da shi cike da kashin shanu. Babu wanda ke auna wa wani. In Ardon ya biyo ta lambun, to ranar aiki ya tsaya, domin Bafulatani da Babarbare ba sa haɗuwa su rabu lafiya.

"Kai Mala, har yanzu kashin shanuna ne ke ciyar da kai?"

"Ai shi kaɗai ne abin kirkin da ke fitowa daga gidanka, Ardo."

Su yi ta yi har rana ta karkata, sannan Baba Mala ya cika masa aljihu da yalo. A wurin takin nan na koyi haƙuri. Ba a kai ɗanye gindin shuka. Tara shi ake yi a gefe, a rufe da ciyawa, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. In kana so ka san ya yi, cusa hannunka cikin tsibin har wuyan hannu. In da zafi, koma ka jira. Baba Mala ya kan ce abin da hannunka bai iya jurewa ba, saiwa ma ba za ta iya ba. Wannan shi ne abin da ya kashe tumatirin Nasiru, ba maita ba.

Dashe ma yana da lokacinsa. Sai tsiron ya yi ganye huɗu ko biyar, sai bayan la'asar, sai ka fara jiƙa wurin renon sosai don saiwar ta fito da ƙasarta. Ka dasa, ka danna gindin da yatsu biyu, ka kafa masa ganyen mangwaro ta wajen yamma ya kare shi daga rana na kwana uku. Tsutsa in ta zo, ganyen dogon yaro ake dakawa a jiƙa ya kwana, a tace, a yayyafa. Kaji kuwa ba su da magani sai shinge. Duk wannan na koya cikin shekara biyu, kuma kowa zai iya koya in ya yarda ya durƙusa.

Amma abin da ya sa ake sanin lambun nan ba alayyafo ba ne, yalo ne. Ban taɓa ganin irinsa ba kafin nan, ban kuma sake gani ba. Fari ne tas, girman ƙwan agwagwa, da zane kore guda uku daga wuya zuwa gindi kamar an ja su da alƙalami. In ka gatsa sai ka ji ƙarar a kunnenka. Babu ɗaci ko kaɗan, sai wani ɗan zaƙi da ke zuwa daga baya, bayan ka haɗiye. In aka samu yajin ƙuli-ƙuli, mutum sai ya manta da abincin rana. Baba Mala ya ce a wurin kakarsa ya gaje shi, ita ma ba ta san wanda ya fara kawo shi ba.

Duk shekara, in yalon ya fara fure, sai tsohon ya bi fangali-fangali a hankali, hannu a baya, da yagaggen jan ƙyalle a aljihu. Ba wanda ya fi tsayi yake nema ba. Yana neman wanda ya riga saura fure, wanda ganyensa bai taɓa ciwo ba, wanda in rana ta take ba ya langaɓewa. In ya samu guda biyar sai ya ɗaura musu jan ƙyallen. Daga ranar sun zama uwayen iri, ko sarki ne ya aiko ba a tsinkar musu ɗa. 'Ya'yansu na fari ake bari, ba na ƙarshe ba, su nuna a jikin uwa har su yi jawur, fatar ta fara yamushewa. Sannan a yanka, a matse a ƙwarya da ruwa. Wanda ya taso sama a zubar, wanda ya nutse shi ne iri. A shanya a faifai a inuwa kwana huɗu, a gauraya da toka, a ɗura a gora, a toshe bakin da totuwar masara.

Ku lura da wannan, domin a kansa labarin yake. Yalon da ake ci fari, 'ya'yan cikinsa ba su ƙosa ba. Ko ka saye shi kwando guda ka ajiye ya yi ja a ɗaki, in ka shuka ba abin kirki za ka gani ba. Wanda ke da uwar iri shi kaɗai ke da yalon.

Shi kuwa Baba Mala, ranar da ya toshe gorarsa, ranar yake fara rabo. Ya ƙulla wa matar Ardo, ya aika wa wani abokinsa a Shabu, ya ba duk matar da ta tambaya don ta sa a bayan ɗaki. Na taɓa ce masa, "Baba, wannan fa dukiya ce kake watsarwa."

Ya ce, "Iri ba ya kwana a gida ɗaya, Audu. Ka ajiye shi aƙalla gida uku. Ba don su kake yi ba, don ranar da naka zai mutu ne."

Na ce to, kamar yadda ake ce wa tsofaffi to.

Shekara tara na yi tare da shi. Da ƙafa ta gaza masa, 'ya'yansa suka ce ya zauna a gida, sai ya bar mini wurin in ci gaba da nomawa, ya miƙo mini gorar da hannunsa. Bayan damina biyu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har yau in na ga tsoho dogo yana tafiya hannu a baya sai gabana ya faɗi.

Lokacin Lafiya ta zama babban birnin jiha, ma'aikata sun cika gari, kowa na son ganye. Matan kasuwa kan iso lambun tun rana ba ta yi zafi ba. Akwai wata Batibiya da ba ta sayen komai sai ganyen ugu da shuwaka, in ta zo sai ta bi ta murza ganye ɗaya-ɗaya kamar mai zaɓen atamfa. Akwai masu tsire da ke kwasar albasa da tumatir. Amma faɗan duk a kan yalo ake yi. Masu biki da masu suna kan aiko tun mako guda kafin ranar. A kasuwa ba a cewa yalo mai zane, yalon Baba Mala ake cewa, kuma tire ɗinsa ne ke fara ƙarewa.

Shekarun farko na bi ƙa'ida, ina bayarwa. Sai wani maƙwabcina na lambu da na ƙulla wa iri ya cika fangalinsa da shi, ya janye mini mata uku daga cikin masu saye. Abin ya tsaya mini a wuya. Bayan shekara biyu ya sayar da filinsa ya sayi babur ya koma acaba, yalon ya dawo hannuna ni kaɗai, na ce ba za a sake ba. Na daina bayarwa. In na ga ɗa ya fara ja a jikin wanda ba uwar iri ba, sai in tsinke in binne. Haule kuwa hannunta a sake yake, maƙwabciya na yi mata magana ta katanga za ta buɗe gora ta ɗiba. Saboda haka na ɗauke gorar daga gida, na kai ta bukkar lambu na rataye a can ƙuryar rufi. Matata ta ce, "Malam, rowar iri kuma?" Na ce mata ita miya ta sani, ba ta san kasuwa ba.

A cikin waɗannan shekarun ne Maman Agbo ta fara zuwa. Malamar firamare ce, 'yar Keana, tana haya a Akurba da 'ya'yanta. Duk Juma'a in an tashi daga makaranta sai ta biyo ta sayi alayyafo, ta tsaya tana kallon yadda nake aiki. Wata rana ta ce tana so ta fara ɗan lambu a bayan ɗakinta, wurin bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, kuma ba ta taɓa shuka komai ba.

"Mu a gida gishiri muke dafawa," ta ce. "Mama na bai koya mini shuka ba. Abeg, Mai Lambu, ka koya mini, ko da small small."

Na koya mata, kuma tsakani da Allah na koya mata. Na je na duba wurin, na nuna mata inda rana ke faɗawa, na huda mata gwangwani da hannuna, na kai mata taki baro guda. Ban taɓa samun mai koyo irinta ba. Komai na faɗa sai ta rubuta a bayan littafin darasi. Alayyafonta ya yi kyau, kuɓewarta ta yi kyau. Sai ranar nan ta zo ta tsaya a gaban uwayen irina, tana kallon jan ƙyallen, ta ce, "Saura wannan. Ka ba ni irin yalon Baba, ko guda goma ne. Yara na suna son shi well well."

Kunya ta hana ni ce mata a'a, rowa ta hana ni ba ta. Na ce ta dawo Juma'a mai zuwa. Washegari na shiga kasuwa na sayi jajayen yalo na gama-gari, irin wanda ake kawowa daga ƙauye a buhu, na matse, na shanya, na gauraya da toka yadda zai yi kama, na ƙulla a takarda. Da ta zo na miƙa mata.

"Shi ne na Baba ɗin?"

"Shi ne," na ce.

Ta karɓa da hannu biyu har da ɗan rusunawa. Na kuma yi mata bayanin jan ƙyalle da ƙwarya da toka, dalla-dalla, ta rubuta.

Bayan wata uku ta zo da guda biyu a jaka, fuskarta ba daɗi. Sun yi ɗan tsawo, babu zane, da ɗaci-ɗaci. Na ce a raina yau asirina ya tonu. Sai ta ce, "Mai Lambu, ka gani? Nawa bai yi kamar naka ba. Hannu na ne. Mu 'yan Keana gishiri ya shiga hannun mu." Na ce mata wata ƙasar takan canja iri, ta ci gaba da ƙoƙari. Ta tafi tana gode mini.

Shekara huɗu bayan haka aka yi shekarar ruwa. Wajen ƙarshen damina ne, uwayen irina biyar suna tsaye da 'ya'yansu sun fara ja, saura mako guda in yanka. Aka kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Rafin nan na san shi, yakan hau ya taɓa fangalin ƙasa ya koma. Amma a lokacin an gina gidaje a kan hanyoyin da ruwa ke bi da can, duk sai ya taru ya biyo ta kanmu. Da safe na fita da fartanya don in buɗe masa hanya, na tarar babu abin da zan buɗe. Daga inda na tsaya har tsallake jan ruwa ne, yana tafe da katako da robobi. Ban ga shinge ba, ban ga bukka ba.

Da ruwan ya janye, yashi ya bari, har gwiwa. Na yi kwana shida ina bin gaɓar rafin ina duba duk inda tarkace ya maƙale, ko zan ga gorar. Na samu manjagarata a kan wata bishiya. Na samu ƙyalle ja guda ɗaya a jikin ƙaya, babu komai a tare da shi. Na tone yashin daidai inda uwayen suke, na riƙa shayar da wurin har wata biyu ko wani zai tsiro, ciyawa kawai ta fito. Asarar alayyafo da tumatir ba ta dame ni ba, waɗannan ko'ina akwai irinsu.

Sai a lokacin na tuna da gida uku. Na hau mota zuwa Shabu, na tarar abokin Baba Mala ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa sun shafe tsakar gidan da siminti. Na je rugar Ardo Buba, na tarar da fili da turakun shanu, aka ce sun tashi tun shekara uku da suka wuce, wasu suka ce Taraba, wasu suka ce ba su sani ba. Na nemi maƙwabcina mai acaba, ya yi dariya ya ce shi yanzu ko tushen barkono ba shi da shi. Matan da tsohon ya riƙa ƙulla wa, wasu sun mutu, wasu sun tashi, wasu sun ce ai da nasu ya ƙare sun zo wurina na ce babu. Gaskiya suka faɗa.

Ina zaune a kan yashin nan wata ranar Juma'a da yamma sai na hango Maman Agbo tana tahowa, takalmanta a hannu, da wani abu a ƙunshe cikin ɗankwali. Ta gaishe ni, ta yi mini jaje, sannan ta kwance ƙunshin. 'Yar ƙaramar gora ce, an toshe bakinta da totuwar masara.

"Na ji abin da ya faru, sori," ta ce. "Amma kar ka damu, Mai Lambu. Irin Baba bai mutu ba. Kowane shekara ina ɗaura jan ƙyalle yadda ka koya mini, ban yi fashi ba ko sau ɗaya. Ga shi na kawo maka duka." Ta sunkuyar da kai. "Sai dai ka yi haƙuri, ya lalace small a hannu na. Wataƙila in ya dawo ƙasan ka zai gyaru."

Na karɓi gorar. Tokar a tankaɗe take, irin a bushe yake sarai, ko ni ba zan yi wanda ya fi shi ba. Shekara huɗu matar nan tana yi mini ajiya, kuma abin da na ba ta shi ta dawo mini da shi, ba ragi ba ƙari. Da guda goman da ta roƙa na ba ta na gaskiya, da a ranar nan yalon Baba Mala yana cikin tafin hannuna. Na buɗe baki in faɗa mata, abin da ya fito shi ne, "Na gode, Malama. Allah ya saka da alheri."

Na shuka shi, don ba ni da wani. Matan kasuwa ba a yi musu wayo, cizo ɗaya suka yi suka ce wannan ba shi ba ne, na ce e, wancan ruwa ya tafi da shi. Ita kuwa duk lokacin da ta biyo sai ta leƙa ta tambaya ko zanen ya fara dawowa, in ce tukuna. Da ta yi ritaya ta koma Keana. Sau biyu ina shirya zuwa in same ta in warware maganar, sau biyu ina fasawa. Ana nan ɗanta Agbo ya zo ya gaya mini ta rasu.

Filin bakin rafin ma yanzu babu shi, magada sun sayar, gidan bene ne a wurin. Na dawo inda na fara, bayan gida, sai dai yanzu na san in guji inuwar mangwaro. Ina da fangali shida da buhuna kamar na kowa. Duk shekara ina ɗaura jan ƙyalle, kuma ranar da na toshe gora ranar nake fara rabo. Ina kewar yalon nan kamar yadda ake kewar mutum. In na shiga kasuwa har yau sai na tsaya gaban masu tire ina jujjuya yalo ɗaya-ɗaya, ina neman zane uku, har yaran sun san ni, suna cewa ga Baba mai dubawa ba ya saye. Na san wataƙila yana nan a bayan wata ruga da ban san sunanta ba, wata jikar Ardo tana ci da yaji ba ta san abin da take riƙe da shi ba. In Allah ya sa wani cikinku ya gan shi, fari da zane kore uku, ya roƙar mini ko ɗa ɗaya ne ja.

Da na kai nan Nasiru ya daina duba waya. Na ce musu sharaɗina ɗaya ne: in nasu ya yi, su ɗaura ƙyalle, su cire iri, su kai gida biyu da ba nasu ba. Jamila ta buɗe ƙunshin takardar tana kallon 'yan ƙwayoyin cikin toka.

"To Baba, in an tambaye ni sunan wannan fa, me zan ce?"

"Ki ce yalon Maman Agbo ne."

Ta ninke takardar a hankali ta ɗaure a bakin mayafinta. Har sun kai ƙofa na kira ta.

"'Yata, zai fito da ɗan ɗaci. In kin ji, kada ki zargi hannunki."